AMSOSHIN WASIƘUNKU: Me Ya Sa Ƙarfin Mutum Biyu Ba Kullum Yake Ninka Na Mutum Ɗaya Ba?

A wannan fili muke buga amsoshin da muka bayar a rediyo, domin wanda shirin ya wuce shi yana gona ko yana kasuwa ya samu ya karanta, ko kuwa ya sa yaro ya karanta masa. A wannan mako wasiƙu huɗu muka ware, dukkansu daga ƙasar Yauri da bakin tafkin Kainji. Kowa da abin da ya dame shi, wani jirgi, wani garma, wata kuwa kuɗin mai. Amma da muka jera su sai muka ga ashe uwarsu ɗaya, saboda haka muka ga ya fi kyau mu amsa su tare.

WASIƘA TA FARKO: JIRGIN DA YA KAFE A YASHI

Wani masunci ne ya rubuto daga Wara, hedkwatar ƙaramar hukumar Ngaski. Ya ce kwanan baya jirginsu ya kafe a yashi, suka ɗaura igiya biyu a goshinsa, shi da ƙanensa kowa ya kama ɗaya, wannan ya yi dama wancan ya yi hagu, suka yi ta ja har suka jiƙe da gumi, jirgi ko gezau. Sai wani dattijo ya ce su matso kusa da juna su sake ja. Suna ja sai ga jirgi ya taso. Shi ne yake tambaya, tunda ƙarfinsu bai ƙaru ba, shin dattijon nan wani asiri ya yi ne?

To Malam, mun gode da wasiƙa. Dattijon nan ba asiri ya yi ba, sani ne da daɗewa a bakin ruwa. Abin da ya gaya muku shi ne ake koya wa yara a sakandare cikin darasin fiziks, sai dai su da alli da allo, shi kuwa da ido.

Ka ga abubuwan da muke aunawa a duniyar nan iri biyu ne. Akwai waɗanda lamba kaɗai ta ishe su. In ka ce tiya goma ta gero, ko lita ashirin ta fetur, ko awa uku, magana ta ƙare, ba wanda zai tambaye ka "ta wace fuska?" Akwai kuma waɗanda lamba kaɗai ba ta isa, sai an faɗi inda suka dosa. In ka ce wa baƙo ya yi tafiyar kilomita goma daga Yelwa, ba ka gaya masa kome ba tukuna, domin kilomita goma ta hanyar Koko daban take da kilomita goma ta hanyar Kontagora. Irin waɗannan abubuwa masu girma da kuma alkibla su ne masana ke kira bekta.

Shi ƙarfi, watau ja ko turi, yana cikin wannan kashi na biyu. Duk lokacin da aka ja abu ko aka tura shi, tambaya biyu ce: da ƙarfi nawa, kuma zuwa ina? Wanda ya amsa ɗaya ya bar ɗaya, rabin labari ya bayar.

Ma'aunin ƙarfi sunansa niyuton, an ɗauko shi daga sunan Aizik Niyuton, masanin nan na Ingila wanda ya fitar da littafinsa a kan dokokin motsi a 1687. Domin ka kama shi da sauƙi, ƙarfin da hannunka ke yi in ka riƙe kilo ɗaya na sukari ya kai kamar niyuton 10. Jarkar ruwa mai lita 20 kuwa tana jan hannunka ƙasa da kimanin niyuton 200.

Yanzu mu ce kai da ƙanenka kowa yana ja da niyuton 300. In kun tsaya a layi ɗaya kuna ja gaba, jirgi zai ji 600 cif. In ɗaya ya ja gabas ɗaya ya ja yamma, jirgi ba zai ji kome ba, ƙarfinku ya cinye juna, gumi kawai kuka yi. Tsakanin waɗannan biyu kuma akwai matakai. In igiyoyin sun ɗan buɗe, kamar digiri 60 a tsakaninsu, abin da zai kai ga jirgi 520 ne. In sun buɗe kamar kusurwar ɗaki, watau digiri 90, sai ya sauko zuwa kamar 420. In kuwa suka buɗe har digiri 120, to 300 kacal jirgi zai ji. Ka ga ke nan mutum biyu sun koma mutum ɗaya.

Ina sauran ƙarfin ya tafi? Bai ɓace ba. Kai kana jan goshin jirgi gaba da kuma dama, ƙanenka yana jansa gaba da kuma hagu. Rabon dama da rabon hagu suna kokawa da juna, su kashe juna. Rabon gaba ne kaɗai yake haɗuwa ya yi aiki. Da dattijo ya ce ku matso, sai kokawar ta ragu, rabon gaba ya ƙaru. Iyakar asirin ke nan.

YADDA ZA KA GWADA DA KARA A ƘASA

Wannan lissafi ba sai da takarda ba. Sami fili mai yashi da ɗan kara. Zana kibiya ta nuna inda mutum na farko ke ja, tsawonta ya nuna ƙarfinsa, misali taki ɗaya ya tsaya a madadin niyuton 100. Daga bakin wannan kibiya, fara zana ta biyu, ta nuna inda mutum na biyu ke ja, ita ma da nata tsawon. Sa'an nan ka ja layi daga inda ka fara zuwa inda ka ƙare. Wannan layi shi ne amsa: tsawonsa shi ne ƙarfin da abin zai ji, inda ya nuna kuma can abin zai nufa.

Gwada da taki 3 zuwa arewa, sa'an nan taki 4 zuwa gabas. In ka auna daga mafari zuwa ƙarshe za ka sami taki 5, ba 7 ba. Magina sun san wannan uku, huɗu, biyar ɗin, da shi suke daidaita kusurwar gini. Wani masani mai suna Saimon Sitebin ya yi bayanin irin wannan haɗa ƙarfi tun 1586, kafin a haifi Niyuton.

Mata ma sun san shi a jikinsu. In mutum biyu suka kama bokiti mai lita 20 suna kusa da juna, hannuwansu a miƙe ƙasa, kowace tana ɗauke da rabi, niyuton 100. In suka buɗe sosai har hannuwan suka yi digiri 120 a tsakani, kowace sai ta ja da 200, watau kamar ita kaɗai ta ɗauki bokitin. Shi ya sa za ka ji babba tana ce wa ƙarama "matso mana, kina karya mini hannu."

Masu jan taru su ma su lura. A farkon ja dole ɓangarorin biyu su yi nisa da juna domin a kewaye kifi, amma yayin da taru ke matsowa gaɓa ya yi nauyi, sai a riƙa matsowa kusa, ja ya fi sauƙi.

Akwai kuma inda wannan buɗewar kusurwa ke zama riba. Direbobin da ke shiga ƙauyuka da damina su saurara. In mota ta kafe a laka kuma ba wata motar da za ta ja ta, a sami igiya mai ƙarfi, a ɗaura bakinta ɗaya a mota, ɗaya a gindin babbar itaciya da ke gaba, a ɗaure ta tamau. Sai mutum ya je tsakiyar igiyar ya ja ta gefe. In tsawon igiyar mita 20 ne, kuma tsakiyarta ta kauce da mita ɗaya, to jan niyuton 300 na mutum ɗaya zai zama kamar 1,500 a jikin mota. Ninki biyar ke nan. Motar za ta ɗan matsa kaɗan, sai a sa dutse a bayan taya, a sake ɗaure igiya, a maimaita. Amma fa a yi hattara, ita ma igiyar 1,500 ɗin take ji. In ruɓaɓɓiya ce za ta tsinke ta yi bulala, saboda haka a kori yara daga wurin.

WASIƘA TA BIYU: MATUƘI DA KWANAR DA YAKE YI

Wata 'yar kasuwa mai sayen albasa ta rubuto daga Yauri. Ta ce duk lokacin da za su ƙetare daga Zamare zuwa Rofiya, sai ta ga matuƙi bai nufi inda za su sauka kai tsaye ba, sai ya karkata goshin jirgi sama, wajen da ruwa ke fitowa. Tana zargin ko dabara ce ta tsawaita hanya domin a ce mai ya ƙone a ƙara kuɗi.

Hajiya, a wannan karon dai a wanke matuƙi. Jirgin da ke ƙetare kogi abu biyu ke tura shi a lokaci guda. Inji ko filafili yana tura shi inda goshinsa ya nuna, ruwa kuma yana ɗauke shi zuwa gangare. Shi gudu ma bekta ne kamar ƙarfi, yana da yawa yana da alkibla, kuma da irin kibiyoyin nan ake haɗa shi.

Bari mu yi misali da lambobi masu sauƙi. A ce faɗin ruwa kilomita ɗaya ne, jirgi yana gudun kilomita 5 a awa, ruwa kuma yana gangarawa da kilomita 3 a awa. In matuƙi ya miƙe goshi sak zuwa ɗaya gaɓar, zai ƙetare cikin minti 12. Amma cikin minti 12 ɗin nan ruwa ya gangara da ku mita 600. Za ku iske kanku nesa da kwata, wataƙila cikin ciyawa ko laka, inda ba amalanke ba mota, ga buhunan albasa. Daga nan sai jirgi ya juyo ya yi ta fama da ruwa gaba da gaba, yana cin kilomita 2 kacal a awa, domin 3 daga cikin 5 ɗinsa ruwa ya cinye. Mita 600 ɗin nan sai ta ci wani minti 18. Jimla rabin awa.

In kuwa tun farko ya karkata goshi sama daidai gwargwado, sai ya ba da wani rabo na gudunsa ya biya ruwa, sauran ya ƙetare da shi. Uku, huɗu, biyar ɗin nan ce ta dawo: 5 na jirgi, 3 ya tafi wajen soke gudun ruwa, 4 ya rage na ƙetarewa. Cikin minti 15 kun sauka daidai kwata. Kin ga wanda ya yi kwana shi ne ya rage miki mai.

Kuma kwanar ba ɗaya ba ce duk shekara. Kogin Kwara sau biyu yake kawo ruwa a wannan yanki. Akwai cikar damina, wajen Agusta zuwa Oktoba, ruwa mai laka daga ruwan saman da aka yi a nan kusa, wanda masana ke kira farar ambaliya. Akwai kuma ta biyu da ke isowa cikin sanyin hunturu, wajen Disamba zuwa Fabrairu, ruwan da ya taso tun daga tsaunukan Gini ya ratso Mali da Nijar ya ɗauki watanni a hanya, lakarsa ta kwanta, ana kiransa baƙar ambaliya. In ruwa na gudu sosai, kwana sai ta ƙaru. In ya lafa, sai ta ragu. In kuma gudun ruwa ya fi na jirgi, to ba kwanar da za ta kai mutum daidai inda ya hango, dole a fara hawa sama ta gefen gaɓa inda ruwa ba ya da ƙarfi, sa'an nan a yanko. Masu kwalekwale da filafili sun fi kowa sanin haka.

WASIƘA TA UKU: GARMAR DA BA TA SHIGA ƘASA

Wani dattijo manomi daga Shanga ya sa an rubuto masa. Ya ce sarƙar garmarsa ta tsinke, ya ƙulla ta ta gajarce, tun daga ranar garma ba ta shiga ƙasa sosai, sai ta riƙa tasowa, shi kuma yana ta danna ta har kafaɗunsa na ciwo. Shanun kuwa su ne dai na bara.

Baba, Allah Ya ƙara lafiya. Laifin ba na shanu ba ne, na sarƙa ne. Ɗazu mun ga yadda ƙarfi biyu ke haɗuwa su zama ɗaya. To haka kuma ƙarfi ɗaya yake rabuwa biyu. Sarƙa tana tasowa ne daga garma a ƙasa ta hau zuwa karkiya a wuyan shanu, watau a karkace take. Saboda haka jan da shanu ke yi kashi biyu ne: wani rabo yana jan garma gaba, wani rabo yana ɗaga ta sama.

Sa mai lafiya yana iya jure jan abin da ya kai kamar kashi ɗaya cikin goma na nauyin jikinsa tsawon aikin yini. Mu ce shanu biyu masu kilo 300 kowanne, jansu ya kama niyuton 600. In sarƙa doguwa ce, ta kwanta kamar digiri 20 daga ƙasa, kimanin 560 ne ke tafiya gaba, 200 ke ɗagawa. In ta gajarce ta miƙe har digiri 45, rabon gaba ya sauko zuwa 420, rabon ɗagawa kuma ya hau zuwa 420. Ka ga ɗagawa ta ninka, ja gaba ya ragu. Abin da kafaɗunka ke yaƙi da shi ke nan, kana danna abin da shanunka ke ɗagawa.

Magani shi ne a mai da sarƙa tsawonta na da, ko a je wurin maƙeri ya ƙara mata 'yan zobba. Bayan haka ma gajeriyar sarƙa tana kawo bakin garma kusa da ƙafafun shanu, tana iya yanke su wajen juyawa. Amma kada a ce tunda haka ne bari a zarce da tsawo, domin in ta yi tsawo ainun garma za ta nutse fiye da kima ta gajiyar da shanu. A gwada a kunya ɗaya ko biyu, inda garma ta tafi da kanta ba dannawa ba ɗagawa, nan ne daidai.

Masu baro a kasuwa su ma ga nasu. In tayar baro ta ci karo da dutse ko bakin kwalbati, turi ba ya fid da ita da sauƙi, domin hannunka yana sama taya tana ƙasa, rabon turinka yana ƙara danna ta cikin cikas ɗin. Juya baro ka ja shi da baya, sai rabon jan ya koma ɗagawa, taya ta haye.

WASIƘA TA HUƊU: LODIN JIRGI

Wasiƙa ta ƙarshe daga wani ɗan kasuwar hatsi ce a garin Ngaski. Ya ce yakan ga jirgi biyu masu girma ɗaya, lodinsu kusan ɗaya, amma ɗaya yana tafiya lafiya ɗaya kuwa yana ta rawa kamar zai kife. Yana so ya san yadda fasinja zai gane jirgin da bai kamata ya shiga ba.

Alhaji, wannan tambaya ta fi sauran nauyi, domin a nan rai ne a ciki. Mutanen wannan yanki ba su manta da ranar 26 ga Mayu 2021 ba, da jirgi ɗauke da mutane fiye da 150 ya nutse a kusa da Wara, aka yi asarar rayuka masu yawa, har da mata da yara. Hukumomi sun ce jirgin tsoho ne kuma an yi masa lodin da ya fi ƙarfinsa. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya ba iyalansu haƙuri.

Jirgi a kan ruwa yana tsakanin ƙarfi biyu. Nauyinsa da na kayansa yana jansa ƙasa. Ruwa kuma yana tura shi sama. Turin ruwan nan daidai yake da nauyin ruwan da jirgi ya kawar daga wurinsa, abin da Arkimidis na ƙasar Girka ya gano fiye da shekara 2,000 da suka wuce. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Saboda haka duk buhu mai kilo 100 da aka ɗora, sai jirgi ya ƙara nutsewa har ya kawar da ruwa cikin jarka biyar.

Mu ɗauki jirgi mai tsawon mita 15 da faɗin mita 2 a misali. Irin wannan, kowane kilo 300 yana nutsar da shi kamar santimita ɗaya. Mutum 100 masu kilo 60 kowanne, santimita 20 ke nan, kusan taƙi ɗaya na hannu. A ƙara buhu 30, wata santimita 10 ta tafi. A ƙara babura, kowanne ya haura kilo 100. Sannu a hankali bakin jirgi yana matsowa kusa da ruwa, alhali a kwata ruwa kwance yake, ba wanda ya ga aibu. Sai an fita tsakiya. Tafkin Kainji, wanda ya samu bayan an gama madatsar ruwa a 1968, tsawonsa ya haura kilomita 130, kuma a tsakiyarsa iska tana samun fili ta tayar da igiyar ruwa, musamman da hadarin farkon damina. Jirgin da bakinsa ya rage ɗan yatsa uku daga ruwa, igiya ɗaya ta ishe shi.

Wannan batun yawa ke nan. Amsar tambayarka kuwa tana wajen inda ƙarfin ke aiki. Nauyi yana ja ƙasa ta tsakiyar lodi. Turin ruwa yana turawa sama ta tsakiyar sashen jirgi da ke cikin ruwa. In jirgi yana zaune daidai, kibiyoyin nan biyu suna kan layi ɗaya, ɗaya ƙasa ɗaya sama, sun soke juna. In igiya ta karkata jirgi dama, gefen dama ya ƙara shiga ruwa, sai turin ruwa ya koma can ya ɗago shi ya mai da shi daidai. Haka jirgi ke ceton kansa. Amma in an tula kaya sama, ko mutane sun hau kan buhuna sun zauna, tsakiyar nauyi ta yi sama. Da jirgi ya ɗan karkata, sai layin nauyin ya zarce ya faɗa waje da inda ruwa ke turawa. A nan kibiyoyin biyu maimakon su mai da jirgi sai su taru su juya shi. Jirgi biyu masu lodi ɗaya ke nan, ɗaya kayansa a ƙasa a shimfiɗe, ɗaya a sama a tule.

Saboda haka kafin ka shiga, dubi tazarar bakin jirgi da ruwa, ka tuna ba a gama lodi ba. Dubi inda aka sa kaya masu nauyi, ya kamata su kwanta a cikin jirgi a ƙasa, a tsakiya, a raba su dama da hagu daidai, a kuma ɗaure babura kada su zame. Dubi ko akwai ruwa kwance a ciki, domin ruwan cikin jirgi mugun fasinja ne, duk gefen da jirgi ya karkata can yake kwarara ya ƙara masa nauyi. In ana kwarfewa ba ya ƙarewa tun a kwata, katako ya gaji, ka haƙura da wannan jirgi.

In kuma an riga an shiga hadari ya taso, kowa ya zauna ƙasa, kada a miƙe, kada a ruga gefe ɗaya. Matuƙi ya fuskanci igiya da goshin jirgi, kada ya ba ta haƙarƙari, domin turi ɗaya ne amma in ya zo ta goshi jirgi hawa yake yi ya sauka, in ya zo ta gefe juya shi yake yi. Akwai kuma kututturan itatuwan da ruwa ya shanye tun lokacin da aka cika tafkin, waɗanda ba a gani da dare. Wannan na cikin dalilan da suka sa hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, take hana tafiyar dare.

Sai rigar ruwa. Wasu na cewa ɗan abin nan mara nauyi ina zai iya ɗaukar ƙato? Ai ba ɗaukarka yake yi duka ba. Jikin mutum a cikin ruwa saura kaɗan ya yi iyo da kansa, ruwa ya riga ya ɗauke kusan dukkan nauyinsa. Abin da ake bukata ɗan ƙarin turi ne zuwa sama domin hanci da baki su tsaya a waje. In ka duba jikin riga mai kyau za ka ga an rubuta lamba kamar 100 ko 150 da harafin N. Niyuton ɗin nan ne da muka yi bayani, watau ƙarfin da za ta tura ka sama. Amma sai an ɗaure ta tamau. In ba a ɗaure ba, ita za ta yi sama kai ka yi ƙasa.

Kafin mu rufe, duk wanda hanya ta kai shi madatsar Kainji ya dubi ɓangaren da aka yi da kankare, zai ga gindinsa ya fi samansa kauri nesa ba kusa ba. Ruwan tafki yana tura bangon ta gefe, kuma turin yana ƙaruwa da zurfi. Nauyin kankare yana danna shi ƙasa. In aka haɗa kibiyoyin biyu, amsar tana nuna ƙasa a karkace, ta faɗa cikin faffaɗan gindin ta shige dutsen da ke ƙarƙashi. Lissafin da ya tsai da wannan bango fiye da shekara 50 shi ne dai wanda dattijon Wara ya yi wa masu jan jirgi.

Jama'a, nan za mu dakata a wannan mako. Masu tambaya a kan tsutsar albasa da maganin ƙwarin wake, wasiƙunku sun iso, suna kan layi. A ci gaba da rubutowa, a rubuta sunan gari da kyau, tambaya ɗaya a takarda ɗaya. Masu shiga ruwa Allah Ya kai ku lafiya Ya dawo da ku lafiya, manoma Allah Ya ba da damina mai albarka. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Ku huta lafiya.